Waiwaye: in mai ya malala a tekunmu ko a kwatarmu, wa zai fara motsawa?

Duk wanda yake Accra daren 3 ga watan Yunin 2015 ba sai an tuna masa ba. Ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya, kogin Odaw ya cika ya batse, mu a Nima muna ta fama da kwashe katifu da buhunan shinkafa muna ɗorawa kan tebur, ba mu san abin da ke faruwa a shataletalen Kwame Nkrumah Circle ba sai da asuba. Mutane ne suka fake a gidan mai suna jiran ruwa ya tsagaita, fetur ya ɓalle ya hau kan ruwan ambaliya yana tafiya da shi, wuta ta kama daga can gefe ta biyo man har inda jama'a suke tsaye. Sama da mutum 150 suka rasu, Allah ya ji ƙansu. Washegari da na bi ta wajen, abin da ya tsaya min a rai har yau shi ne ruwan da ya rage a kwata, samansa yana ƙyalli kala-kala kamar bakan gizo, ga warin fetur har cikin maƙogwaro, ga takalman mutane warwatse a cikin laka. Tun ranar nake tambayar kaina, in mai ko wata guba ta zube haka, aikin wa ne? Wa zai kira wa, kuma wa zai ce kowa ya ja baya a kuma ji maganarsa?

Da na bi tarihin abin sai na ga ashe tambayar ta girme ni, kuma kusan duk wata doka da aka yi a kanta sai da aka yi asara tukuna aka zauna rubuta ta.

A watan Maris na 1967 wani ƙaton jirgin dakon mai, Torrey Canyon, ya hau kan duwatsu a gaɓar kudu maso yammacin Ingila da ɗanyen mai kusan tan 119,000 a cikinsa. Babu wanda ya san yadda za a yi. Aka yi ta zuba sinadaran wanke mai masu ƙarfi waɗanda daga baya aka gane sun ƙara kashe halittun bakin teku, ƙarshe dai sai jiragen yaƙi aka tura suka yi ta jefa wa jirgin bama-bamai wai man ya ƙone, duk da haka man ya tsallaka har gaɓar Faransa. Wannan ne ya firgita Amurka, a 1968 ta fito da shirinta na ƙasa na tunkarar malalar mai. Abin da ya burge ni a shirin ba injuna ba ne, tsarin mutane ne: an ce a wurin da abu ya faru mutum ɗaya ne zai riƙe ragama, in a teku ne dakarun tsaron gaɓa, in a tudu ne hukumar kare muhalli, sannan aka kafa tawagogi na yanki-yanki, yanzu guda 13 ne, inda ma'aikatun tarayya da na jihohi suke zama tare tun kafin komai ya faru su raba aiki, su amince a kan wane sinadari za a iya fesawa a wane ruwa, wace gaɓa za a fara karewa. Daga baya aka faɗaɗa shirin ya haɗa da sauran sinadarai masu guba ba mai kaɗai ba.

Duk da haka da jirgin dakon mai Exxon Valdez ya fashe a Alaska ranar 24 ga Maris 1989, galan kusan miliyan 11 suka zube, sai aka tarar shiri na nan a takarda amma kayan aiki ba su kusa, wasu ma ba a shirye suke ba, kwanakin farko da teku ke kwance suka wuce a banza. Shekara ɗaya bayan nan, 1990, Amurka ta yi sabuwar dokar gurɓatar mai, ita kuma hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, ta fito da yarjejeniyar da ake kira OPRC wadda ta fara aiki a 1995. Abin da ta ce a taƙaice: kowace ƙasa ta yi shirin ko-ta-kwana, ta ware hukumar da za a kira dare ko rana, ta tanadi kaya, ta riƙa atisaye, kuma in abu ya fi ƙarfinta maƙwabta su kawo ɗauki. A shekarar 2000 aka ƙara mata wani sashe na sinadarai masu haɗari.

Mu nan yankinmu ma ba a zauna ba. Tun 1981 ƙasashen gaɓar yammaci da tsakiyar Afirka suka sa hannu a yarjejeniyar Abidjan, ta fara aiki a 1984, kuma tare da ita akwai ƙa'idar taimakon juna in gurɓata ta gaggawa ta auku a teku. Dalilin a fili yake, teku ba ta san boda ba. Igiyar ruwan da ke bin gaɓarmu galibi daga yamma take gangarowa gabas, don haka abin da ya zube wajen Cote d'Ivoire yana iya kwana a Axim, wanda ya zube wajen Takoradi yana iya biyowa Cape Coast, Accra, Ada, Keta, ya shiga Togo ba tare da ya nuna wa kowa fasfo ba. A 2006 kuma IMO da ƙungiyar kamfanonin mai IPIECA suka ƙaddamar da shirin GI WACAF wanda ya haɗa ƙasashe 22 daga Muritaniya har Afirka ta Kudu, aikinsu horaswa da atisaye da taimaka wa kowace ƙasa ta gyara shirinta.

Amma abin da ya fi ba mu ciwo a Afirka ta Yamma a farko ba ma man da ya zube bisa tsautsayi ba ne, gubar da aka kawo da gangan ce. A 1988 aka gano dubban gangunan sharar masana'anta daga Italiya an jibge a garin Koko na Najeriya, a filin wani bawan Allah da ake biyansa ɗan kuɗin haya bai san me ke ciki ba. Wannan abin kunya na cikin abubuwan da suka zaburar da yarjejeniyar Basel ta 1989 kan safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe, da kuma ta Bamako ta 1991 wadda ta haramta shigo da shara mai guba Afirka ɗungum. Sai ga shi a watan Agustan 2006 jirgin Probo Koala ya sauke wata shara a Abidjan, tankoki suka kwashe cikin dare suka zuzzubar a wurare daban-daban a cikin gari, mutane aƙalla 15 suka mutu, kusan 100,000 suka yi layi a asibitoci. Abidjan fa, wurin da 'yan uwanmu ke zuwa saro kaya kamar gida. Yarjejeniya na nan, amma a daren nan babu wanda ya ɗaga waya ya haɗa tashar jiragen ruwa da kwastan da ma'aikatar lafiya a kan lokaci.

Ghana kuwa hankalinta ya fi tashi ne da aka samo mai a rijiyar Jubilee a 2007, can cikin teku daura da Cape Three Points. Kafin a fara haƙo shi a watan Disamban 2010 abubuwa biyu suka faru. Na farko, kamfanin Kosmos ya zubar da lakar haƙa mai sinadari kusan ganga 700 a teku tsakanin 2009 da 2010, gwamnati ta yanka masa tarar sidi miliyan 40, kamfanin ya ce ina dokar da ta ba ku wannan iko, aka shiga ja-in-ja. Na biyu, a watan Afrilun 2010 rijiyar Deepwater Horizon ta fashe a Tekun Meziko, ma'aikata 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana tsiyaya, Amurka da duk ƙarfinta ta rasa yadda za ta toshe. Na tuna a majalisarmu ta shayi mutane na cewa to in Amurka ta sha wannan wuya, mu fa? Daga nan ne dokoki suka riƙa biyo baya, aka kafa hukumar kula da harkar man fetur a 2011, aka yi dokar gurɓatar teku a 2016. Shirin ƙasa na tunkarar malalar mai yana hannun hukumar kare muhalli ta Ghana, EPA, ita ce ke jan gaba, sai sojan ruwa, hukumar sufurin teku, hukumar tashoshin Tema da Takoradi, hukumar agajin gaggawa NADMO, 'yan kwana-kwana, hukumar kamun kifi da su kansu kamfanonin.

Yadda tsarin yake, mataki uku ne. In ƙaramar zuba ce kamfanin da ya yi ɓarnar shi zai share da kayansa. In ta fi ƙarfinsa sai a haɗa kayan maƙwabtan kamfanoni da na gwamnati. In kuwa babba ce sai an kira ɗauki daga waje, akwai kamfanin haɗin gwiwa na masu haƙar mai da ke da babbar ma'ajiya a Southampton ta Ingila, daga can ake loda kaya a jirgin sama. Kayan kuwa sun haɗa da wata doguwar katangar roba mai iyo da ake kewaye man da ita, da injin da ke yaɗe shi daga saman ruwa kamar yadda uwar gida ke yaɗe man ja a kan miya, da sinadarin da ake fesawa ya tarwatsa man ya baje cikin ruwa. Shi wannan sinadari nan ne rigimar take, domin yana aiki ne kafin man ya daskare ya cakuɗe da ruwa, awanni ne ko 'yan kwanaki, kuma in an fesa shi a ruwa marar zurfi kifi ne zai ji a jikinsa. Ke nan ba ranar da abu ya faru ake zaman muhawara ba, dole ne tun tuni mai kula da kifi da mai kula da muhalli da sojan ruwa sun zana taswira sun ce nan a fesa, nan kada a kuskura, ga Sakumo, ga bakin Densu, ga Songor da Keta inda tsuntsaye da kunkurun teku da masu gishiri suke, su za a fara tarewa. Wannan zama na kafin lokaci shi ne dukan maganar shirin haɗin gwiwa, sauran duk ƙarfe ne da roba.

To a teku, gaskiya an yi ƙoƙari, ina yabawa. Damuwata tana tudu.

Kawuna ya yi shekara sama da ashirin yana tuƙa tankar mai daga Tema zuwa Kumasi da arewa. Wata rana na tambaye shi, Kawu, in tanka ta faɗi, wa kuke fara kira? Ya yi shiru, ya ajiye kofin shayinsa, ya ce ɗana, mai mota muke fara kira, shi ne zai kira wanda ya sani. Ya ba ni labarin wata tanka da ta kife a gabansa a wani gangare da sassafe, dizal na kwarara cikin rafin da ƙauyen ke ɗibar ruwan sha. Kafin minti goma mata da yara sun fito da galan-galan masu ruwan ɗorawa, irin waɗanda muke ce wa galan Kufuor, da bokitai da kwanonin wanka, wani saurayi ma da sigari a kunne. Kawu ya ce shi da yaron motarsa suka yanko rassan bishiya suka tare hanya, yana ta ihu da Hausa da Twi a ja baya, ba wanda ya kula shi don ba shi da kaki. Ma'aikata daga ofisoshi uku sun zo daga baya, kowanne ya ce ɓangaren da ya shafe shi daban, mai hanya na kallon hanya, mai wuta na kallon wuta, rafin kuwa ba wanda ya ce nawa ne, har man ya gangara. Allah ya tsare ranar ba a yi gobara ba. A Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024 irin wannan ɗibar ce ta ci rayuka sama da 150 a dare ɗaya.

Kuma ba fetur kaɗai ke yawo a hanyoyinmu ba. Ranar 20 ga Janairun 2022 motar da ke ɗauke da abubuwan fashewa na aikin ma'adinai ta yi karo da babur a Appiatse kusa da Bogoso, wuta ta kama, mutane suka matso kallo wasu na ɗauka a waya, sai ta tashi da ƙauyen kusan gaba ɗaya, aƙalla mutum 13 suka rasu. Kafin nan an yi fashewar gas ta Atomic Junction a Accra a watan Oktoban 2017. A wuraren zinariya kuma an sha samun gubar sayanayid ta shiga rafi, kamar wadda ta faru a ma'adinar Newmont ta Ahafo a 2009 kifaye suka taso matattu. Duk waɗannan a shirin Amurkawa da na ambata ƙarƙashin inuwa ɗaya suke da man teku, tawaga ɗaya, lamba ɗaya, shugaba ɗaya a wurin. Mu namu ya fi ƙarfi a inda kamfanonin ƙasashen waje da yarjejeniyoyin duniya suka matsa, wato cikin teku, yana zuwa kwatar Nima ko hanyar Nkawkaw sai ya yi laushi.

Ni abin da nake so in gani shi ne a riƙa yin atisayen nan a inda mutane suke. A kira ƙungiyar direbobin tanka ta Tema da Ashaiman, galibinsu 'yan uwanmu ne 'yan zango, a kira sarakunan masunta na Jamestown da Chorkor domin su ne za su fara ganin baƙin mai a kan ragarsu kafin kowane jami'i, a kira sarakunan zango da limamai, tunda sanarwa ɗaya bayan sallar Juma'a a Nima ko Aboabo ta fi takarda ɗari isa kunne. A koya wa mutane da Hausa da Twi da Ga cewa in ka ga ruwa na ƙyalli yana warin fetur ka kashe duk wata wuta, ka bi ta inda iska ke fitowa ka yi nisa, ka kira 112. Kawu ya yi ritaya yanzu, yana zaune a Ashaiman, ya ce min duk tsawon shekarun nan da ya yi da lita dubbai a bayansa sau ɗaya tak aka taɓa tara su aka nuna musu yadda ake tare mai da yashi kada ya shiga kwata, kuma ya ce da za a sake kira gobe shi zai fara zuwa ya zauna a layin gaba.