Waiwaye: Yadda Waƙar Zambo Ta Zama Taken Vienna

Duk daren shiga sabuwar shekara, da zarar ƙarfe sha biyu ta buga, gidajen rediyo da talabijin na Ostiriya sai su saki kiɗan da Johann Strauss ƙarami ya tsara kan kogin Danube. Mai sauraro zai ɗauka kiɗan rawa ne kawai irin na wals, mai bugu uku, wanda namiji da mace ke juyi riƙe da juna. Asalinsa kuwa waƙa ce ta ƙungiyar maza, kuma da zambo a cikinta.

An kafa ƙungiyar mawaƙa maza ta Vienna, babban birnin Ostiriya, a 1843, zamanin Metternich, babban wazirin ƙasar, lokacin da hukuma ba ta yarda da duk wani taron jama'a ba. A ƙasashen Jamusawa irin waɗannan ƙungiyoyi sun zama mafaka: ana haɗuwa da sunan waƙa, ana hirar 'yanci da haɗin kan Jamusawa.

Gidan su Strauss ma siyasa ta raba shi. A boren 1848 uban ya bi sarki, ya tsara taken yabon Janar Radetzky. Ɗan ya bi masu bore, har 'yan sanda suka yi masa tambayoyi don ya kaɗa taken juyin juya halin Faransa. Fada ba ta manta ba. Sai a 1863 aka ba shi muƙamin shugaban makaɗan rawar fada.

A watan Yulin 1866 Prussia, wata daular Jamusawa, ta lallasa Ostiriya a yaƙin Königgrätz. Gari ya yi tsit, aljihu ya bushe. Cikin wannan hali, ranar 15 ga Fabrairun 1867, ƙungiyar ta rera sabon wals ɗin a zauren Diana, da baitocin Josef Weyl. Wani sashe na mawaƙan yana cewa mutanen Vienna su yi murna, ɗaya sashen yana tambayar murnar me. A ganina nan daɗin yake, dariyar wanda ya sha kaye.

A shekarar dai Strauss ya kai kiɗan Paris ba tare da baitoci ba, ya kuwa karɓu. A 1889 Franz von Gernerth ya rubuta sababbin baitoci masu yabon kogin da ƙasa, su ne ake rerawa har yau.