Jona batirin mota da wata mota (ishtirak) da haɗurran da ke ciki

Jona batir shi ne haɗa batirin motar da ta ƙi tashi da na wata mota mai lafiya ta hanyar wayoyi biyu masu kauri, ja da baƙa, don ta ari wuta ta tashi. Hausawan Makka da Jidda da Madina sun fi kiran sa da sunansa na Larabci, "ishtirak". Abu ne da ake yi kullum a Saudiyya, domin mafi yawan ƙananan motocin ƙasar masu giya otomatik ne, kuma irin su ba sa tashi da turi kamar yadda aka saba a gida. Ga kuma zafin rana, wanda a Makka kan haura digiri 45 a lokacin bazara. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, yana cin farantan dalma da ke ciki, sai a wayi gari an murɗa makulli a ji "ƙas-ƙas" kawai.

Batirin dalma da asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, shi ne har yau a cikin yawancin motoci. Yana da ɗakuna shida, kowanne na ba da kimanin bolt 2.1, cikakkensa kuwa yana kai wa 12.6. Idan ana cusa masa wuta yakan fitar da iskar haidurojin, wadda ba ta da launi balle wari, kuma da ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, ɗan tartsatsi ya isa ya kunna ta. A nan babban haɗarin yake. Maƙalin da aka ɗora na ƙarshe shi ne ke tartsatsi, kuma a daidai lokacin mutum ya sunkuya, fuskarsa na saman batirin. In ya fashe, ɓaraguzan roba da ruwan asid ne za su watsu, kuma ido ne ya fi shan wahala.

Saboda haka aka tsara yadda ake jonawa. A kashe motocin biyu, kada jikinsu ya taɓa juna. Jar waya ta fara hawa kan batirin da ya mutu mai alamar +, ɗaya bakinta ya je + na mai lafiya. Baƙar waya ta kama − na mai lafiya, bakinta na ƙarshe kuma a maƙala shi a jikin ƙarfen injin matacciyar motar, inda babu fenti, nesa da batirin. Wajen cirewa a fara da na ƙarshen nan a koma baya. Mutane da yawa suna ɗora baƙar kai tsaye a kan mataccen batirin, motar ta tashi lafiya, su ɗauka haka ne daidai. Sa'a ce kawai suka ci.

Haɗari na biyu na kan motar ne. Kuskuren juya wayoyi, ja a wurin baƙa, cikin ƙiftawar ido yake ƙona fiyus da cikin altaneta (na'urar da ke cajin batir idan injin na aiki), wani lokaci har kwamfutar da ke sarrafa injin. Yana yawan faruwa da dare a lungu marar haske, ko inda farar tsatsa ta rufe alamomin kan batir. Wanda ya tsaya don taimako ma bai tsira ba, tasa motar na iya lalacewa. Haka nan manyan motoci da bas-bas irin na jigilar alhazai galibi bolt 24 suke amfani da shi, kuma jona su kai tsaye da ƙaramar mota mai 12 ɓarna ce tsantsa. Motocin haibirid, masu haɗa fetur da lantarki, ɗan batirinsu na bolt 12 ba a yi shi don tayar da wata mota ba, don haka a duba littafin motar kafin a ba da ishtirak da su.

Akwai wata dabara da ta fi wannan muni: a ɗora batirin aro, a tayar da mota, sannan a zare shi injin na aiki a mayar da tsohon. Batir ne ke shanye hawa da saukar wutar altaneta. Da an cire shi wutar na iya yin tsalle ta bi ta kan na'urorin motar.

Wayar ma abin dubawa ce. Sitata, wato na'urar da ke tayar da injin, na jan wuta mai ƙarfin ɗaruruwan amfiya, siririyar waya mai araha kuwa sai ta yi zafi robarta ta narke a hannu. Zobe ko agogon ƙarfe da ya haɗa kan batir da jikin mota yana ƙona fata nan take.

Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko yake yoyo, ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, ba a jona shi ko kaɗan. Wannan na mai wayarin mota ne, wato "kahraba'i" a sina'iyya, unguwar masu gyaran motoci. In asid ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 15 ba tare da murzawa ba, sannan a garzaya asibiti ko a kira motar agaji ta Hilal Ahmar a lamba 997.