Kuɗin ƙaramar hukuma da hukuncin Kotun Ƙoli

Shekara da shekaru, duk wanda ya kai kuka sakatariya cewa kwalbati ya rufta ko fanfon tuƙa-tuƙa ya mutu, amsa ɗaya ake ba shi: "Kuɗin suna jiha." Kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Ta nan kasonsu, kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, yake bi kafin ya isa Gwaram ko Rano, gwamnoni kuwa suka mai da asusun rumbun gidansu.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya kai jihohi 36. Kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, gwamna ba shi da hurumin riƙe su. Ta kuma ce Sashe na 7 zaɓaɓɓu ya sani, don haka rushe majalisar kansiloli a naɗa kantoma saɓa doka ne, kuma hukumar da ke hannun kantoma ba za a ba ta kaso ba. A watan Oktoban shekarar, Jigawa mai ƙananan hukumomi 27 da Kano mai 44 duk suka yi zaɓe.

An ta jan ƙafa wajen aiwatar da hukuncin, wannan kuwa abin takaici ne. Amma ayyukan da Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya ɗora wa ciyaman da kansiloli suna nan daram: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, banɗakunan jama'a, magudanan ruwa, kwashe shara, ƙananan hanyoyi, har da lasisin keke da amalanke da kwalekwale. Makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi da harkar noma kuma, su da jiha ne ke haɗa hannu.

Je ka kasuwar ƙauye ran cinta. Mai tumatir bai gama shimfiɗa buhu ba, ɗan rasit ya iso. Ya biya, an yago masa takarda, ga kwata a toshe bayan rumfarsa tun damina. Dokar da ta halatta karɓar kuɗin nan ita ce ta wajabta yashe kwatar, kuma mai tumatir yana da cikakken haƙƙin ya tambaya.

Hanyar tambaya a buɗe take. Ofishin Akanta Janar na Tarayya yana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanin kasafin kuɗi a rubuce, a amsa masa cikin kwana 7. Ƙungiyar ci gaban gari ta rubuta, ta kai ofishin sakataren mulki, a buga mata hatimi a kan kwafi, ta kuma ba kansilan mazaɓa nasa a hannu.