Waiwaye: zaman shiru da karatun littattafai biyu a Damagaram

Tun bayan ƙaramar salla ake ta ka-ce-na-ce a Damagaram kan wasu 'yan tsirarun mutane, Musulmi da Kirista, da kan haɗu a tsakar gida bayan la'asar. A karanta aya daga Alƙur'ani, a karanta daga Littafi Mai Tsarki na Kirista, sannan kowa ya yi shiru yana tafakkuri kafin a buɗe baki. A fadojin shayi wasu na cewa cakuɗa addini ne, wasu na cewa baƙon abu ne da aka shigo da shi jiya-jiya. Cikin Kiristocin ma akwai masu ƙyamar abin, suna ganin sassaucin ya yi yawa. Na fahimci tsoron kowane ɓangare, domin ba a wasa da imani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa jiya aka fara.

Tarihin da kowa ya sani ba ya buƙatar dogon bayani. Sojojin Faransa sun kama garin a 1899, ya zama hedkwatar mulkin mallaka daga 1911 har 1926 da aka koma Yamai. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) sun sauka nan a 1924, kuma da yawa daga Kiristocin garin ma'aikata ne da masu sana'a daga Dahomey (Benin ta yanzu), Togo da Najeriya. Zaman shiru kuwa ba wanda ya koya mana: zawiyoyin Tijjaniyya da Ƙadiriyya sun san zikiri da halwa tun da daɗewa. A waje, babban taron shugabannin Katolika na Vatikan da aka kammala a 1965 ya sauya yadda Katolika ke magana kan Musulmi, a 1979 kuma aka soma wani zaman addu'a da tunani a gidan ibadar Kirista na Tibhirine ta Aljeriya, wanda sufaye Musulmi suka shiga. Sai ranakun baƙin ciki: Satumban 2012 da aka farfasa majami'ar Katolika, da Juma'a 16 ga Janairun 2015 da aka ƙona majami'u a garin nan, washegari wutar ta kai Yamai, rayuka goma suka salwanta cikin kwana biyu.

Galibi daga 2015 ake soma lissafi. Ni ina ganin mahaɗar hanyar tana can baya, lokacin da littattafan biyu suka shiga Hausar boko suka faɗa hannun talaka.

Ma'anar Alƙur'ani da Hausa ba sabuwa ba ce. Amma a da, a baki take. A tafsirin azumi mai jan baƙi ya ja aya, malam ya fassara, kai kuma kana zaune a tabarma, in ka karkace da fahimta akwai mai dawo da kai nan take. Littafi Mai Tsarki an kammala shi da Hausa tun 1932, sai dai masu iya karanta boko da Hausa a nan ba su da yawa, tun da lakwal da Faransanci ake yin ta. Abubuwa uku ne suka zo kusa da juna suka sauya wannan. Yaƙi da jahilci na manya ya koya wa mutane rubuta harshensu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a nan Damagaram. Sannan a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980 sabuwar fassarar Littafi Mai Tsarki da bugaggiyar tarjamar ma'anonin Alƙur'ani suka fito a Najeriya, suka biyo motocin Kano ta Magarya da Matamai. Ba a yi biki ba, ba a yi shela ba. Kawai an wayi gari tela ko bakanike na iya buɗe littafin maƙwabcinsa ya karanta shi kaɗai, kuma kalmomin da zai tarar nasa ne: Allah, Ubangiji, annabi, azumi, tuba, gafara.

Na ga wannan da idona ina yaro. Kawuna tela ne a kusa da Kasuwar Dole, kekensa na jingine da na wani dattijo Kirista ɗan asalin Togo wanda Hausarsa ta fi tawa. In rana ta take aiki ya lafa, sai su ciro littattafai daga ƙarƙashin yadi. Labarin Annabi Yusuf suka fi so. Kawu ya karanta daga sura ta 12, dattijon ya karanta daga Farawa, babi na 37 zuwa gaba. Ranar da suka kai wurin da ya yafe wa 'yan'uwansa, dattijon ya cire tabarau ya ce, “Malam, dakata haka nan.” Kawu ya ce, “To, Baba.” Suka yi shiru har shayin ya huce. Ba wanda ya kira abin da wani suna. Inda littattafan suka saɓa, kamar batun Annabi Isa, kowa ya faɗi nasa ƙarara, aka bar shi a nan, aka koma ɗinki.

Sai dai littafin ya iso ba tare da ladabin karanta shi ba. Malamin da ke gefenka a zaure bai biyo shi cikin jaka ba. Da zamanin kaset da bidiyo ya zo, aka fi sha'awar muhawara, inda ake buɗe littafin wani don neman inda za a kayar da shi, 'yan kallo na tafi. Bayan taron ƙasa na 1991 ƙungiyoyi suka yawaita, daga baya rediyoyi masu zaman kansu, lasifika ta ƙaru ta kowane ɓangare. 'Yancin magana alheri ne, ba na ja. Amma samarin da suka tashi a lokacin sun haddace ayoyin juna a matsayin makami, ba su taɓa ganin an karanta su a natse ba. Wannan shi ne ya fi damuna, fiye da duk wani abu da aka ce an shigo da shi daga waje.

Bayan 2015 an yi tarukan sulhu da yawa, shugabannin addini sun zauna, an yi jawabai, kuma sun yi amfani. Zaman da ake gardama a kansa yanzu wani abu ne daban, ƙarami, kuma ya fi kama da na telolin nan biyu. Na je sau ɗaya. Ba a yi salla tare ba, ba a yi addu'a da murya ɗaya ba. An karanta farkon Suratu Maryam, an karanta Luka babi na 1, aka yi shiru kamar minti goma, ana jin kukan kurciya a kan katanga. Da aka kira magariba muka tashi muka yi alwala, matar gidan, wadda Kirista ce, ita ta miƙo mana buta.