Me ake nufi da "Abbey" a Westminster Abbey?

Tun jana'izar Sarauniya Elizabeth a Satumbar 2022, har zuwa naɗin Sarki Charles ranar 6 ga Mayun 2023, sunan Westminster Abbey, cocin Landan da aka yi su a ciki, bai bar bakin masu karanta labarai ba. Wani ya ce "fadar Westminster", wani ya ce "babban cocin Ingila". Na farkon ya fi ba ni haushi, domin fadar Westminster wani gini ne daban a tsallaken titi, inda majalisar dokoki ke zama.

Abbey gida ne na ruhubanawa, wato mutanen da suka ƙaurace wa aure da dukiya suka zauna wuri ɗaya don ibada, ƙarƙashin shugaba guda. Tushen kalmar daga harshen Aramiyanci yake, "abba", ma'ana uba, 'yar'uwar "ab" ta Larabci, kuma kunnen Bahaushe ba zai yi baƙunta da ita ba. Ta bi ta Girkanci da Latin ta zama laƙabin shugaban gidan, daga nan gidan kansa ya ɗauki sunan. Ke nan girman gini bai shigo cikin zancen ba sam. Ƙaramin gida a ƙauye yana iya zama Abbey, katafaren coci kuma ya rasa sunan. Wanda ake kira Cathedral shi ne inda kujerar bishop, wato babban limamin cocin yanki, take, kuma ta bishop ɗin Landan tana cocin St Paul.

Ruhubanawa mabiya tsarin Benedict, waliyyin Kirista da ya rubuta dokokin zamansu, sun zauna a Westminster tun wajen shekarar 960. Sarki Edward ya gina musu coci da aka keɓe a Disambar 1065, sannan Henry na Uku ya rushe sashensa na gabas ya fara na yanzu a 1245. Wanda ya shiga zai ga rufin dutse mai tsayin kusan mita 31, bakuna masu tsini suna haɗuwa a sama kamar ɗaurin guga na soron sarki. Amma a ganina ba nan ma'anar take ba, tana gefen kudu, inda masu ɗaukar hoton talabijin ba su cika leƙawa ba. Akwai tsakar gida mai kusurwa huɗu da rufaffen baranda ya kewaye, nan ruhubanawan suke karatu da rubutu a da. Akwai ɗakin shawara mai kusurwa takwas, ginshiƙi ɗaya tal a tsakiya, da bencin dutse a jikin bango. Kowace safiya a nan ake karanta babi ɗaya na dokokinsu, a raba aiki, mai laifi ya amsa laifinsa a gaban 'yan'uwa. Har wakilan majalisa sun taɓa aron ɗakin a ƙarni na 14.

Henry na Takwas ya rusa tsarin a 1540. 'Yarsa Mary ta dawo da ruhubanawan a 1556, Elizabeth ta Ɗaya ta sake sallamarsu a 1559. Daga 1560 cocin yana ƙarƙashin mai sarauta kai tsaye, babu bishop da ke da iko da shi. Sama da shekara 460 ke nan ba rahibi ko ɗaya, suna kawai ya rage. Mai fassara da ke gaggawa ya ce "cocin Westminster" ya wadatar, sai dai ya kula, Katolika ma suna da nasu a unguwar, na jan bulo, wanda aka kammala a 1903.