Anuwiti ba ajiya ba ce, ciniki ne

Kwanakin nan duk inda masu shirin ritaya suka taru a Sakkwato, ko ma'aikatan jami'a ne, ko na asibitin koyarwa, ko majalisar tsofaffin 'yan sanda bayan la'asar, sai ka ji ana ambaton anuwiti. Wakilan kamfanonin inshora suna yawo da takardunta a jaka, ana turo tallanta a WhatsApp, har na ji wani mai gabatar da shiri a rediyo yana kiran ta "ajiyar fansho mai riba". Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai, domin dattijo zai ji ta ya sa hannu a takarda alhali bai san abin da ya sallama ba.

Tun dokar gyaran fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ma'aikacin tarayya da na kamfani yana tara fanshonsa a asusu mai sunansa. Ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, hukumar PenCom mai kula da fansho tana sa ido. Ranar ritaya, bayan an ba shi wani kaso a dunƙule, hanya biyu ce gabansa. Ko dai ya bar sauran a hannun kamfanin da ke kula da asusun, wato PFA, ana ɗibar masa wata-wata, ko ya ce a miƙa su ga kamfanin inshorar rayuwa. Ta biyun nan ita ce anuwiti.

A hanya ta farko kuɗin suna nan da sunanka. Ana juya su, kana ganin abin da ya rage, in ka rasu abin da ya saura ya shiga gado. A anuwiti kuwa, daga ranar da aka tura kuɗin sun fita daga hannunka. Ka saya da su alkawari, cewa kamfani zai riƙa ba ka adadi kaza duk wata muddin kana numfashi. Kamar mutum ne ya sallama wa wani gonarsa ta fadama bisa sharaɗin za a riƙa kawo masa buhun gero duk wata har ƙarshen rayuwarsa. In ya yi tsawon rai ya ci riba, amma gonar dai ba tasa ba ce kuma, 'ya'yansa ba za su nome ta ba.

Mu ɗauki misali, kuma lambobin nawa ne don a gane lissafin kawai. Direba ne a wata ma'aikatar tarayya, ya cika shekara 60, gidansa a Mabera, mata biyu, autansa yana aji huɗu na firamare. Bayan ya karɓi kasonsa na dunƙule ya gyara rufin gida, saura naira miliyan 8 a asusu. Wakili ya same shi a zaure ya ce, "Baba, albashi ne har ƙarshen rayuwa, dubu 90 duk wata, ba yankewa." Dattijo ya yi shiru, sannan ya yi tambayar da duk Basakkwace mai iyali zai yi: "To yaro, in Allah ya yi mani cikawa, mi iyali za su samu?" Sai a ce masa, "Ai akwai garanti, Baba." A tsaya nan.

Garantin nan gaskiya ne, amma na shekara 10 ne. In direban ya rasu bayan shekara 4, za a biya magadan da ya rubuta sunansu haƙƙin shekara 6 da suka rage. In ya rasu a shekara ta 11, yana da shekara 71, ba sisin kwabo da zai je gidan nan daga kamfanin. Autan nan a lokacin bai daɗe da gama sakandare ba, matan suna nan, ba abin da alƙali zai raba. Kamfanin bai yi zamba ba, haka yarjejeniyar take: abin da ya rage daga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya da wuri, da shi ake biyan waɗanda suka kai 85 ko 90. Zambar tana wajen wanda ya ji tambayar dattijo, ya san amsarta, ya ba shi rabi. Kuma ga inda abin ya fi ciwo: wanda ke kan tsarin ɗiba wata-wata yana iya komawa anuwiti daga baya in ya ga dama, amma wanda ya shiga anuwiti ba shi da hanyar dawowa. Ko da washegari ya gane, ƙofa ta riga ta rufe.

Sai tsadar rayuwa. Dubu 90 da aka rubuta yau, galibi ita ce dubu 90 bayan shekara 15. Duk wanda ya sayi shinkafa a Tsohuwar Kasuwa bayan cire tallafin mai a 2023 ya san abin da nake nufi, ballantana a 2024 da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Masu ɗiba wata-wata akan ɗan ƙara musu lokaci-lokaci idan asusunsu ya yi riba. Kuma alkawari ƙarfinsa daidai da ƙarfin mai yin sa ne. A watan Oktoba na 2024 hukumar NAICOM mai kula da inshora ta rushe shugabancin kamfanin African Alliance, kuma cikin dalilanta har da gaza biyan masu anuwiti haƙƙinsu.

Kada a ce na tsani abin. Akwai wanda anuwiti ta dace da shi sarai: malamin da 'ya'yansa duk sun kama aiki, lafiyarsa garau, danginsa masu tsawon rai ne, abin da yake tsoro kawai shi ne ya tsufa kuɗi su ƙare ya koma yi wa 'ya'ya bara. Tsarin ɗiba wata-wata an lissafa shi ne bisa ƙiyasin shekarun da mutum zai yi, asusun yana iya ƙanƙancewa. Wannan malamin in ya sayi anuwiti ya yi dabara. Haka kuma ma'aikacin PFA da ke cewa kada ka tafi, shi ma yana da abin da yake karewa, don kamfaninsa yana cin lada ne gwargwadon kuɗin da ke hannunsa.

Shi ya sa a sana'ar inshora akwai abin da ake kira dacewa, wato kada ka sayar wa mutum abin da bai yi daidai da halinsa ba ko da ya yarda. Wakili yana cin kamasho ne in an sa hannu, in ba a sa ba ya yi asarar man babur ɗinsa. Ba laifi ba ne neman halal, amma wannan kamashon ne ya sa dole a ɗaure shi da ƙa'ida. A Amurka, ƙungiyar kwamishinonin inshora ta jihohi, NAIC, ta tsara cewa wakili ba zai fara sayar da anuwiti ba sai ya yi kwas na musamman a kanta, kuma sai ya tattara bayanin shekarun mai saye da kuɗin shigarsa da buƙatunsa. A 2020 suka ƙara tsauri: shawarar ta zama don amfanin mai saye, ba don aljihun wakili ba. A nan gida, NAICOM ce ke ba wakili lasisi, cibiyar ƙwararrun inshora, CIIN, ce ke ba da takardar ƙwarewa, kuma tana da tsarin ƙarin horo na tilas ga mambobinta.

Ra'ayina, horon da ya tsaya ga zama a zauren otal a karɓi satifiket bai magance matsalarmu ba. Ina so a koya wa wakilin da aka turo Sakkwato ya tambayi dattijo mata nawa, 'ya'ya nawa ke makaranta, akwai hawan jini ko ciwon suga, akwai gona ko gidan haya, akwai bashi. A koya masa bayanin shekara 10 ɗin nan da Hausa, ba ya karanta Turanci da sauri ya nuna wajen sa hannu ba. A koya masa cewa a garin Shehu maganar gado ba ƙaramar magana ba ce, kuma mutum yana da haƙƙin sanin cewa mafi yawan kuɗin anuwiti ana zuba su ne a takardun bashin gwamnati masu kuɗin ruwa, don ya tambayi malaminsa kafin ya yanke shawara. Tun 2021 PenCom ta buɗe wa masu kuɗi a hannun PFA wani nau'in asusun fansho, asusu na shida, wanda ba ruwansa da kuɗin ruwa, kuma wakili mai amana ba zai ɓoye wannan ba don gudun ciniki ya kuɓuce.

Ga wanda takarda ke gabansa yanzu, ya nemi PFA ɗinsa ta rubuta masa abin da za ta riƙa ba shi a wata, ya nemi na kamfanonin inshora biyu ko uku, ya ajiye su gefe da gefe. Ya ce wa wakili ya nuna lasisinsa, ya kuma rubuta da hannunsa abin da iyali za su samu in rasuwa ta zo a shekara ta 5 da abin da za su samu in ta zo a ta 12. Sannan ya kai takardun gida, a karanta su gaban babban ɗa da uwargida kafin a ɗauko biro.