Waiwaye: yadda kwana-kwana ta zama al'ada a bakin 'yan wasan besbol na Amurka

Ranar 17 ga Maris 2005 aka zaunar da Mark McGwire, tsohon tauraron wasan besbol, gaban wani kwamitin majalisar wakilan Amurka, aka yi masa tambaya mai sauƙi, shin ya taɓa amfani da magungunan ƙara kuzari ko bai taɓa ba. Ƙaton mutum ne, amma muryarsa har rawa take, kuma duk ta inda aka ɓullo masa amsa ɗaya yake maimaitawa, wai shi bai zo nan don ya yi maganar abin da ya wuce ba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. A zaman nan fa akwai iyayen da 'ya'yansu matasa suka kashe kansu bayan sun yi amfani da irin waɗannan magunguna, sun zo ba da shaida. Wannan shi ya fi tsaya min a rai duk lokacin da na tuna zancen.

Abin ya samo asali tun kafin nan. A 1991 shugaban hukumar wasan na lokacin, Fay Vincent, ya aika wa ƙungiyoyi takarda cewa an haramta waɗannan magunguna, amma babu gwaji, doka ce kawai a takarda. Sai yajin aikin 'yan wasa na 1994 ya zo, har aka soke wasan ƙarshe na cin kofi, 'yan kallo suka yi fushi suka ja baya. Abin da ya taimaka wajen dawo da su shi ne tseren 1998 tsakanin McGwire da Sammy Sosa a kan hom-ron, wato bugun da ke cilla ƙwallo ta tsallake katangar fili gaba ɗaya. Tarihin da Roger Maris ya kafa tun 1961 guda 61 ne a kakar wasa ɗaya, sai ga McGwire ya yi 70, Sosa 66. Filaye suka cika, kuɗi na shigowa. A tsakiyar wannan murna ne wani ɗan jaridar kamfanin dillancin labarai na AP, Steve Wilstein, ya hango kwalbar androstenedione, wani maganin ƙara kuzari, a ma'ajiyar kayan McGwire ya rubuta, kuma maimakon a bi diddigin kwalbar sai mutane da yawa suka koma zagin ɗan jaridar cewa ɗan sa-ido ne. A ganina nan aka koya wa kowa darasin, daga 'yan wasa har masu kulob, cewa idan ka yi gum ko ka karkatar da zance babu abin da zai same ka.

Da binciken BALCO, kamfanin da aka zarga da samar wa 'yan wasa waɗannan magunguna, ya taso a 2003 sai salon ya canja, tunda yanzu rantsuwa ake yi, ƙarya kuma na iya kai mutum gidan yari. To sai aka koma noƙe-noƙe irin na lauyoyi. Barry Bonds, wanda ya yi hom-ron 73 a 2001, ya ce shi a zatonsa abin da mai horar da shi Greg Anderson ke ba shi man 'ya'yan wani tsiro ne da man shafawa na ciwon gaɓɓai. Aka tambaye shi ko Anderson ya taɓa ba shi wani abu da sai da sirinji ake amfani da shi, sai ya kama wata doguwar hanya, ya shiga labarin abota, da yadda ya tashi ɗan shahararren uba, da yadda shi ba ya shiga harkar mutane. An tambaye shi allura, yana ba da tarihin yarintarsa. A kan wannan amsar ce kotu ta same shi da laifin kawo cikas ga shari'a a 2011, daga baya a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta ce ba a nuna cewa wannan kewaye-kewayen ya yi wani tasiri a binciken ba.

Na Jason Giambi ma abin tausayi ne. A Fabrairun 2005 ya tara 'yan jarida a New York yana ta ba da haƙuri, ga magoya baya, ga abokan wasa, ga kulob ɗinsa Yankees, amma ya ƙi faɗin laifin da yake neman a yafe masa. Kowa ya san dalili, kwantiraginsa ta dala miliyan 120 ce, kalma ɗaya ta fito daga bakinsa kulob ya samu hujjar neman soke ta.

Wanda ya fito ɓaro-ɓaro a zaman majalisar nan shi ne Rafael Palmeiro, ya ɗaga yatsa yana nuna 'yan kwamiti ya ce bai taɓa amfani da su ba, magana ta ƙare. Ba a yi wata biyar ba aka dakatar da shi kwana 10 saboda gwaji ya kama shi, sai maganar ta samu ƙarin wutsiya, wai bai taɓa sha da gangan ba. Wannan kalma ta da gangan, ko da sanina, ita ce ta zama mafakar kusan duk wanda aka kama bayansa. Rahoton tsohon sanata George Mitchell kan amfani da waɗannan magunguna a besbol ya fito a Disambar 2007 da sunayen 'yan wasa sama da 80, kuma kusan duk masu bugawa a lokacin sun ƙi zama da masu binciken. Roger Clemens, shahararren mai jefa ƙwallo da sunansa ya fito a rahoton, da aka tunkare shi da shaidar da abokinsa Andy Pettitte ya bayar a kansa cewa ya yi Pettitte ya tuna abin ba daidai ba, kuma kotu ta wanke shi daga tuhumar ƙaryar rantsuwa a 2012. Shi kuwa McGwire sai a Janairun 2010 ya amsa, lokacin da zai koma St. Louis Cardinals aikin koyar da bugu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne wannan ɗabi'a ba a banza take tafiya ba, akwai wanda ke biyan kuɗinta. Ryan Braun da gwaji ya kama shi a 2011, ya yi nasara a ɗaukaka ƙara, sannan ya tsaya gaban kyamara yana jefa shakku kan ma'aikacin da ya karɓi fitsarinsa, bawan Allah mai neman na tuwo da ba shi da bakin kare kansa a gaban duniya. A 2013 Braun ya karɓi dakatarwar wasanni 65, ya nemi gafarar mutumin. Ga kuma 'yan wasan da ba su taɓa komai ba, wasu suka rasa gurbi, wasu kuma har yau ana musu kallon zargi tunda babu wanda ya fito ya bambance mai laifi da marar laifi.

Kuma ba a kan magani kaɗai abin ya tsaya ba. Houston Astros sun ci kofin 2017 suna satar alamun hannu na abokan karawarsu da kyamara, suna buga kwandon shara don sanar da mai bugu irin ƙwallon da za a jefo masa. Hukuma ta ci kulob ɗin tarar dala miliyan 5, ta dakatar da kociya da babban manaja shekara guda, amma 'yan wasa an yi musu alkawarin ba za a hukunta su ba in sun yi bayani. A Fabrairun 2020 mai kulob ɗin, Jim Crane, ya ce a ra'ayinsu satar ba ta yi tasiri a wasa ba, da ɗan jarida ya matsa masa a zaman nan dai sai ya ce shi bai ce ba ta yi tasiri ba. Wanda ya tona asirin kuwa, Mike Fiers, tsohon mai jefa musu ƙwallo da ya yarda aka buga sunansa a jarida a Nuwambar 2019, shi ne wasu tsofaffin 'yan wasa suka fito suna kira ɗan tsegumi, har ya ce an yi masa barazanar kisa.